Digirin Tsinta-Tsinta: Iko Na Hannun Mai Karɓa

Wanda ya ga canjin kuɗi na farkon shekarar 2023 a Najeriya ya koyi wani darasi da ba a aji ake koyar da shi ba. Mutum ne riƙe da damin tsofaffin takardun dubu-dubu, guminsa, halaliyarsa, amma mai shayi ya ce ba ya karɓa, mai a-daidaita-sahu ya kau da kai, mai awo ta ce a dawo da sababbi. A makonnin nan ne aka gane cewa darajar kuɗi tana bakin wanda za a miƙa wa.

Wannan lokacin nake tunowa duk sa'ad da na ji matasa na zancen hanyar samun digirin Amurka cikin araha. Ka zauna a ɗakinka, ka riƙa yin kwasa-kwasai ta intanet ɗaya bayan ɗaya, ka tara su, sannan ka kai wa wata jami'a ta haɗa maka su ta ba ka digiri. Masu tallar abin na cewa shekara ɗaya ta isa. Masu suka na cewa ai digirin bogi na Kwatano ne ya sake riga. Ni a ganina kowanensu ya yi gaggawa. Hanyar halattacciya ce, ta kuma girmi intanet. Sai dai abin da ake tarawa ɗin kamar kuɗi yake, kuma akasarin waɗanda suka yi asara sun yi ta ne saboda sun fara tarawa kafin su tambayi wanda zai karɓa.

A jami'o'in Amurka digirin farko galibi yunit 120 ne. Su kiredit suke cewa, amma zan tafi da yunit kamar yadda ɗalibanmu ke faɗa, don kada a rikita shi da kiredit ɗin WAEC. Kwas guda yawanci yunit 3 ne, ke nan digiri wajen kwas 40. Yunit ɗaya kuma a ƙa'ida awa ɗaya ce a aji da awa biyu na nazari a gida, kowane mako, tsawon mako 15 ko kusa da haka. Asalin ma'aunin na da ban dariya. A 1905 attajirin ƙarfen nan Andrew Carnegie ya ware dala miliyan 10 don a riƙa biyan malaman jami'a fansho. Gidauniyar da aka kafa ta ga dole ta rarrabe wace makaranta ce jami'a ta gaskiya, wace ce sakandare mai babban suna, sai a 1906 ta fito da ma'aunin awa 120 na zaman aji a shekara ga kowane darasin sakandare. Daga nan jami'o'i suka ɗauki salon ƙirga karatu da awanni. Wato tun fil azal zaman benci ake aunawa, kuma rigimar fansho ce ta haife shi.

Duk abin da aka iya aunawa kuwa ana iya ɗaukarsa daga wannan kasuwa zuwa waccan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka komo gida da horon injiniya da na aikin asibiti da na harsuna, suna son shiga jami'a, kuma ba su ga dalilin da zai sa a koya musu abin da suka riga suka iya ba. Majalisar Ilimi ta Amurka, wadda ake kira ACE, ta shiga duba horon soja tana faɗin yunit nawa ya cancanta. A 1974 ta faɗaɗa aikin ya haɗa da horon kamfanoni da ƙungiyoyi. Kafin nan, a 1967, hukumar College Board ta ƙirƙiro jarrabawar CLEP, wadda in ka ci ta za a iya ɗauke maka kwas ba tare da ka zauna a aji ba. Sai jihohi uku suka buɗe makarantu domin manyan da karatunsu ya warwatse: New York a 1971, wadda yau ita ce Jami'ar Excelsior, New Jersey a 1972, wato Jami'ar Thomas Edison, da Connecticut a 1973, wato Charter Oak. Masu bin wannan hanya har yau “manyan uku” suke ce musu.

Abin da intanet ta kawo shi ne araha da sauri. Kamfanoni irin su Sophia da Study.com da StraighterLine na sayar da kwasa-kwasan da ACE ta duba, akasari ta hanyar biyan kuɗin wata. Na Sophia wajen dala 100 ne a wata, ka yi iya abin da za ka iya. CLEP na da jarrabawa 34, kowace ba ta kai dala 100 ba, ana ba da maki daga 20 zuwa 80, kuma 50 ne makin da ACE ta ce ya isa. Wata ƙungiyar agaji mai suna Modern States ta fara ba da darussan shirin CLEP kyauta tun 2017. A ɗaya gefen kuma, kuɗin makaranta kawai a jami'ar gwamnatin jiha ya haura dala 11,000 a shekara ga ɗan jiha, na jami'o'i masu zaman kansu ya haura dala 40,000, bashin karatu da ke wuyan Amurkawa ya wuce dala tiriliyan 1.6. A ƙasar da wajen mutum miliyan 40 suka taɓa shiga jami'a suka fita ba takarda, ba abin mamaki ba ne don hanyar ta samu kasuwa.

To amma a lura da kalmar da ACE ke amfani da ita: shawara. ACE ba jami'a ba ce, ba ta ba da yunit, ba ta kuma tilasta wa kowa. Cewa take yi, mun duba wannan kwas, muna ganin ya kai yunit 3. Magatakardan jami'ar da ka nufa shi ke da ta cewa. Kwalejoji wajen 2,900 na karɓar CLEP, amma kowace da jarrabawar da take so, da makin da take nema, da iyakar yunit ɗin da za ta ɗauka. Manyan jami'o'i masu tsauri wajen ɗaukar ɗalibai kuwa da yawansu ba sa ko kallon kwas ɗin kamfani.

Kada a ɗauka ɗaliban intanet kaɗai abin ke ci. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto kan ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009. Sama da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai sun sauya, kuma a ƙiyasi sun yi asarar kashi 43 cikin ɗari na yunit ɗin da suka tara. Tsakanin makarantar gwamnati da 'yar'uwarta asarar kashi 37 ce. Wanda ya taso daga makarantar 'yan kasuwa mai neman riba zuwa ta gwamnati kuwa kashi 94 ya rasa. Waɗannan mutane ne da suka zauna a aji, suka biya kuɗi, suka ci jarrabawa. Lokacin da kamfanin makarantun Corinthian ya durƙushe a 2015, na ITT ya bi shi a 2016, dubban ɗalibai sun ɗauki takardun sakamakonsu suna yawo, ga bashi a wuya, ga shekaru sun tafi, makarantu na ce musu a dawo da sababbi.

Tarkon da ya fi kama mutane ma ba ƙin karɓa ba ne. Sai jami'a ta yi maka fara'a, ta ce ta karɓi yunit 90 ɗinka cif, ka yi murna, ka ce saura 30. Ranar da aka ba ka jadawalin digirinka sai ka ga saura 60. Dalili kuwa digiri ba rumbu ba ne da ake zuba hatsi har ya cika. Gini ne mai sassa: akwai darussan kowa-da-kowa irin su rubutu da lissafi da tarihi, akwai darussan fannin da ka zaɓa, akwai 'yan guraben zaɓi da kake cikewa da abin da ka ga dama. A cikin na fanni kuma akwai na ƙananan aji da na manyan aji, kuma kusan duk kwasa-kwasan araha na ƙananan aji ne. In guraben zaɓi suka cika, ragowar sai a rubuta maka su a takarda don ado. Misalinka misalin wanda ya tara bulo dubu biyar ne alhali kwano da katako suka rage a ginin. Bulon na da kyau, maginin ma ya yaba, amma ɗaki na nan ba rufi.

Sannan kowace jami'a na da adadin da dole a wurinta za ka yi shi. Ga yawancinsu aƙalla yunit 30 ne. Jami'ar WGU, wadda gwamnonin jihohin yammacin Amurka suka kafa a 1997, kan karɓi har kashi uku cikin huɗu na digiri daga waje. Excelsior kan kai har yunit 113. Ƙa'idojin nan kuma suna sauyawa. Shawarar ACE kan kowane kwas na da ranar farawa da ranar ƙarewa, jami'a kuma na iya wayar gari ta daina karɓar kwas ɗin wani kamfani. Wanda ya bi lissafin da wani ya yi shekara uku da suka wuce yana iya tarar da an rufe ƙofar da wancan ya shiga. Akwai kuma batun maki. Galibin kwasa-kwasan nan “ya ci” kawai ake rubuta wa mutum in an shigo da su, ba sa shiga lissafin GPA. Mai son digiri don ƙarin girma a wurin aiki ba ruwansa. Mai burin karatun likita ko digiri na biyu a jami'a mai gasa kuwa, zai je gaban masu tantancewa da takardar da kashi uku cikin huɗunta ba maki.

Me ya sa jami'o'i ke yin haka? Su dai cewa suke kare inganci suke yi, kuma akwai gaskiya a ciki, don sunansu ne za a buga a kan takardar. Amma kowa ya san ɗaya dalilin: kowane yunit da suka karɓa daga waje yunit ne da ba su sayar ba. Inda doka ta sa baki ne kawai ake samun sauƙi. Jihar Florida ta daɗe da sa kwalejoji da jami'o'in gwamnatinta amfani da lambobin kwas iri ɗaya, don kada a ce wa ɗalibi lissafin da ya yi a can ba shi ne na nan ba. California ta yi doka a 2010 da ta ba wanda ya gama wani tsararren shirin yunit 60 a kwalejin shekara biyu tabbacin gurbi a rukunin jami'o'in jihar na CSU. Su ma masu sayar da araha ba waliyyai ba ne. Kamfanin da ya mallaki Sophia shi ne mai jami'o'in Capella da Strayer, kuma ba sai an faɗa wa mai hankali inda ake so rariyar ta kai ruwa ba.

Saboda haka tsarin da ke aiki daga ƙarshe ake faro shi. Mutum ya fara sanin inda zai kai digirin: ma'aikata ce, hukumar ba da lasisin sana'a ce, ko wata jami'a. Daga nan ya zaɓi jami'ar da za ta ba da shi, ya tabbatar hukumar tantancewa da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta amince da ita ce ta tantance ta. Ya ɗauko jadawalin digirin layi-layi, ya sa kowane kwas na waje a gaban gurbin da zai cike, ya nemi jami'ar ta tabbatar masa a rubuce. Bayan nan ne zai ciro kuɗi. Aikin mako biyu ne ko uku, ba daɗi, ba a ɗaukar hotonsa a sa a Facebook, shi ya sa ake tsallake shi.

Inda na rabu da masu tallar abin shi ne wajen bautar sauri. Za ka ji mutum na alfahari ya gama kwas a kwana biyu, ya haɗa yunit 30 a wata guda. A ƙa'idar da na ambata a baya, kwas mai yunit 3 aikin awa 135 ne. Wanda ya gama shi a yini biyu, ɗayan biyu ne: ko dai ya riga ya san abin, ko kuwa har yanzu bai san shi ba. Wasu daga cikin kwasa-kwasan nan da littafi a buɗe ake yin jarrabawarsu, ba mai sa ido, kuma tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 kowa ya san abin da hakan ke nufi. Ba na cewa zaman benci ne ilimi. Mun ga masu shekara huɗu a aji da ba sa iya rubuta wasiƙar neman aiki. Amma wanda ya soki ma'aunin Carnegie da cewa lokaci yake aunawa, ai dole ya zo da ma'aunin da ke auna sani, ba wanda ke auna saurin danna waya ba.

A nan ne nake ganin karatun zaure ya fi su wayo. Tsinta-tsintar ilimi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗalibi kan karanta Ishmawi da Iziyya a garinsu, ya tafi wani gari ya ɗauki Risala, ya nufi Zariya don nahawu da lugga, kowane littafi da malaminsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo har Agadas ya bi Malam Jibrilu ɗan Umar. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta, wanda in ka so ka kira shi takardar sakamakon wancan zamani. Sai dai in ɗalibi ya iso sabon zaure ya ce ya sauke littafi kaza, malam ba ya gardama, ba ya kuma neman hatimi. Miƙa masa littafin yake yi ya ce ja baƙi, ya ce fassara. Kafin a kai ƙarshen shafi an san matsayinsa. A zaure ma iko na hannun mai karɓa ne, amma abin da ke kan ɗalibi yake dubawa.

Shi ya sa nake ganin hanyar ta fi dacewa da mutum mai shekara 35 ko 40, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe da littafin kuɗin kamfani ko yana gyaran na'urorin sadarwa, an hana shi ƙarin girma saboda ba takarda. Tilasta wa irin wannan ya zauna zango guda yana koyon abin da yake koya wa yaransa a ofis zalunci ne. Yaro ɗan shekara 18 kuwa, wanda bai taɓa zama gaban malamin da zai yaga rubutunsa ya ce sake ba, bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, bai yi musu da abokan aji ba, in ya bi ta nan zai fito da takarda da wuri, ya kuma fito da giɓin da ba zai gane ba sai ranar da aka ce ja baƙi.

Mai karatu da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana da ƙarin shingaye da Ba'amurke ba shi da su. Ba kowace jami'a ce ke ɗaukar wanda ke zaune a waje ba. WGU, alal misali, kusan ta mazauna Amurka ce kawai. Digirin intanet zalla ba ya ba da bizar ɗalibi. Mai difloma ko HND da ke son a lissafa masa karatunsa na gida sai ya bi ta kamfanonin auna takardun waje irin su WES, kuma su takardar sakamako suke so kai tsaye daga makarantarsa, duk wanda ya taɓa neman tiranskirif a Najeriya kuwa ya san watannin da ke cikinsa. In kuma an gama an dawo da takardar gida, a Najeriya Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance digirin waje, hukumar NYSC kuma na neman wanda ya yi karatu a waje ya nuna fasfo mai hatimin fita da dawowa. Wanda bai taɓa barin unguwarsu ba, me zai nuna? Ga shi kuma an zo a mugun lokaci. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida har aka tura shi bautar ƙasa da shi, kuma a farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Digirin Thomas Edison da na Kwatano ba su haɗa komai ba. Ɗaya jami'ar gwamnatin jiha ce da aka tantance, ɗaya sayen takarda ne. Amma jami'in da ke zaune a tebur, wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga digirin wata goma sha huɗu, tsumma ma gudunsa zai yi.

Abin da ya fi damuna shi ne mun tsaya kallon digirin waje mun bar darasin da ke cikin labarin. Ƙasashen Turai sun daidaita ma'auninsu, yunit 60 a shekara, Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa sun ɗauki tsarin LMD mai yunit 180 a digirin farko. Mu a Najeriya muna da yunit a takarda, amma ba ya tafiya. Mai NCE ko difloma kan shiga aji biyu a dunƙule, ba mai duba abin da ya karanta kwas-kwas. Ɗalibar da aure ya mayar wani gari tana aji uku, da ɗalibin da rashin kuɗi ko rashin tsaro ya kora daga makaranta, sau da yawa JAMB suke komawa kamar ba su taɓa shiga jami'a ba. A 2023 hukumar NBTE ta fito da shirin shekara ɗaya na cike wa masu HND karatu zuwa digiri ta intanet da jami'o'in waje, hukumar NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba. Hukumomi biyu na ma'aikata ɗaya ke nan, ɗaya na buga kuɗi, ɗaya na cewa ba ta karɓa. Jami'ar NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ita ce ta fi cancanta ta zama tamu Excelsior, inda wanda karatunsa ya yanke zai kai abin da ya tara, a jarraba shi da gaske, ya ƙarasa. Wannan aikin NUC ne da majalisa, kuma ba ya buƙatar gina aji ko ɗaya.

Kai kuma da ke shirin biyan kuɗin wata na farko da dalar da ka sayo a Wapa, ka dakata tukuna. Rubuta wa jami'ar da kake so ta ba ka digiri, ka lissafa mata kwasa-kwasan da sunayensu, ka ce ta gaya maka gurbin da kowanne zai shiga. Ka je wurin da za ka kai takardar a gida ka yi irin wannan tambaya. In amsoshin biyu sun zo a rubuce, da suna da kwanan wata, bismilla. In ɗaya ta ƙi zuwa, riƙe kuɗinka.